Wanda aka ce ya wanke hannu, da wane ruwa?

Duk lokacin da annoba ta ɓarke, abin da hukuma ke fara yi shi ne sanarwa: a wanke hannu, a tafasa ruwa, a share muhalli. Shawara ce mai kyau, ba na musu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake mayar da ita aikin gaba ɗaya, kamar da zarar an gaya wa mutane abin da za su yi, nauyi ya sauka daga wuyan gwamnati ya koma kan talaka. In ya kwanta ciwo, sai a ce ƙazantarsa ce ta jawo masa.

Ni a wurina ma'aunin a bayyane yake. Duk haɗarin da mutum ɗaya ba zai iya kare kansa daga gare shi ba, komai tsaftarsa da iliminsa, wannan haƙƙi ne a kan gwamnati.

A 1854 kwalara ta kashe mutum fiye da 600 a unguwar Soho ta birnin Landan. Likita John Snow ya bi gida-gida yana rubuta inda aka yi rasuwa, ya ga akasarin mamatan daga famfon titin Broad suke ɗiban ruwa. Mutanen nan ba su fi sauran 'yan birni ƙazanta ba, ruwan da ke kusa da su ne ya gauraya da bahaya. Hukumar unguwar ta cire hannun famfon. Amma maganin gaske ya zo ne bayan 1858, da warin kogin Thames ya addabi 'yan majalisa har suka amince a kashe kuɗi, injiniya Joseph Bazalgette ya gina manyan magudanan ruwan datti a ƙarƙashin birnin. Annobar kwalara ta ƙarshe a Landan ta auku a 1866, kuma ta fi tsanani a gabashin birnin, inda aikin bai kammala ba tukuna. Wane magidanci ne zai iya haƙa wa birni magudana da kuɗin aljihunsa?

Haka batun dalma a cikin man fetur. Shekaru da dama yara suna shaƙar ta a iska, tana taɓa musu ƙwaƙwalwa, kuma babu uwar da kulawarta za ta hana ɗanta numfashi. Doka ce ta kawar da ita, ƙasa bayan ƙasa, har Aljeriya ta zama ta ƙarshe a 2021. Agana ma, wadda aka sanar da kawar da ita daga duniya a 1980, hukumomi ne suka biya ma'aikatan da suka shiga lungu-lungu suna neman mai ciwon suna yi wa na kewaye da shi rigakafi.

Na san masu cewa gwamnati ta daina shiga sha'anin mutane, kowa ya san abin da ya fi masa. A kan wasu abubuwan ina tare da su. Amma ɗauki taba sigari. Ma'aikacin da ke wuni a ɗakin da wasu ke busa hayaƙi bai zaɓi komai ba, neman abincinsa ya kai shi. Shi ya sa Ailan ta hana shan taba a wuraren aiki a 2004. Yaron da kamfani ya kashe maƙudan kuɗi don ya ƙawata masa kwalin taba shi ma ba a bar shi ya yi zaɓi da hankalinsa ba. Da Ostireliya ta tilasta sayar da taba a kwali marar ado a 2012, kamfanonin suka maka ta a kotu, suka sha kaye. Da dokar ba ta taɓa cinikinsu, da ba su wahalar da lauyoyinsu ba.

To me ya sa gwamnatoci ke sakaci da wannan ɓangare, alhali kowa ya haddace cewa rigakafi ya fi magani? Saboda ba ya hoto. Sabon asibiti ana yanka masa kyalle, a kira 'yan jarida, a manna suna a bango. Wanda ya tabbatar ana zuba sinadarin kulorin a ruwan sha kullum, ko firjin ajiye allurar rigakafi bai mutu ba, ko an kama jabun magani kafin ya shiga kasuwa, babu mai yi masa tafi, domin cutar da ya tare ba wanda ya gan ta. Ba ina raina asibiti ba ne, marar lafiya yana da haƙƙin a yi masa magani. Sai dai asibitin da ke sallamar yaro ya koma ya sha ruwan da ya kwantar da shi zai sake ganinsa ba da jimawa ba.

Kuma ba sanin hanya aka rasa ba. A taron lafiya na duniya da aka yi a birnin Alma-Ata na Kazakistan a 1978 ƙasashe suka amince cewa kiwon lafiya a matakin farko shi ne ginshiƙi. A wani taron makamancinsa a birnin Ottawa na Kanada a 1986 aka rubuta cewa lafiya na buƙatar zaman lafiya, matsuguni, ilimi, abinci da abin hannu. A Abuja a 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu, kuma 'yan ƙalilan ne suka taɓa cika shi.

Don haka in jami'i ya zo yana lissafa gine-gine, a saurare shi, sannan a tambaye shi: yaushe aka gwada ruwan da muke sha, ina sakamakon, me ya hana a liƙa shi inda kowa zai gani? Yara nawa ne a yankin nan ba su samu allurar ƙyanda ba, kuma wa aka ɗora wa alhakin nemo su?