Pawa sifili da kuɗin darasina

Yayana ya ce in riƙa koya wa 'yarsa Ummi lissafi kafin jarrabawar WAEC, zai ba ni naira 10,000 ƙarshen wata. Ranar biyan kuɗi ta zo daidai da darasin ƙa'idojin pawa, wato 'yar ƙaramar lambar nan da ke ɗare a kafaɗar x. Yaya na gefe a kan tabarma yana jan carbi, kamar ba ya jin mu.

Na rubuta mata (2x³y²)² × 3x ÷ 6x⁷y, na ce ta sauƙaƙa.

Ummi ta buɗe baka ta rubuta 2x⁵y⁴. Kuskure biyu a layi ɗaya, ita kuwa har da murmushi. Pawar da ke wajen baka kowa na ciki take hawa, har da 2 ɗin da ta bari a tsaye, don haka 2² ya zama 4. Sannan idan pawa ta hau kan pawa ninkawa ake yi: (x³)² shi ne x³ sau x³, x guda shida ke nan, ba biyar ba. Ita y ta tsira ne bisa sa'a, domin 2 da 2 ko an tara ko an ninka 4 ne, kuma wannan sa'ar ce ke sa yara su ɗauka hanyarsu daidai take. Muka samu 4x⁶y⁴.

Da muka zo ninkawa da 3x, ta ce, "Baffa, wannan x ɗin ba shi da komai a ka." Yana da 1, ba a dai rubuta ta ne. A nan ne ake tara pawa, tunda tushen iri ɗaya ne, wato x: 6 da 1, 7. Lambobin gaba kuwa ninka su ake yi, 4 sau 3. Sama ta zama 12x⁷y⁴.

Rabawa ba ta ba ta wahala ba: 12 raba 6, 2, y⁴ raba y, a ɗebe 1, saura y³. Sai x⁷ raba x⁷ ya ba da x⁰. Ummi ta ce sifili ne, ta ninka komai da shi, ta zana ƙaton 0 ta ajiye biro.

Na ce ta raba 5² da 5². Ta ce 25 raba 25, 1. Na ce to ta bi ƙa'idar ɗebewa, 2 a ɗebe 2. Ta samu 5⁰. Tambaya ɗaya ba ta da amsa biyu, saboda haka 5⁰ ɗaya ne, x⁰ ma haka, muddin x ba sifili ba ne. Amsarmu 2y³.

Sai na ji carbi ya tsaya.

"Malam, kowace lamba ka ce?"

"Kowace, Yaya, ban da sifili."

"Komai girmanta?"

"Ko miliyan ce."

Ya karɓi biron Ummi, ya rubuta 10,000, ya ɗora mata ɗan sifili a kafaɗa tsaf, ya ce in karanta. Na ce ai kuɗi ba a sa musu pawa. Ya ce shi bai ji na faɗi haka a darasi ba, Ummi kuma ta ba da shaida. Ya shiga ɗaki ya daɗe yana bincike, ya fito da tsohon kwabon naira ɗaya, ya danƙa min a hannu, ya ce in ƙirga a gabansa kada mu yi rigima daga baya.