Romo mai zafi kaɗai ba ya riƙe tsoho a hunturu

A gidajen kula da tsofaffi na Ingila ana yawan cewa idan sanyi ya kama, romon ganye mai zafi ya wadatar wa tsoho da dare. Maganar ta ishe ni, ko da yake masu yin ta suna da hujja: romo yana ɗumama jiki, yana ƙara ruwa, ba ya buƙatar tauna.

Sai dai cikin tsoho ba ya ɗaukar abinci da yawa. Tsararon romo yana cika cikin, ƙarfin da yake bayarwa kuwa kaɗan ne, sai a ga mutum yana ramewa alhali kullum yana cinye kwanonsa. Ga mai wahalar haɗiya ma, abu mai ruwa-ruwa ya fi mai kauri saurin sarƙe shi.

Gyaran ba wuya. A dama garin madara babban cokali 4 cikin madara mai maiƙo mililita 568, a riƙa zubawa a romo, shayi da kunu. A ƙara man shanu ko cuku a dankali.

Kuma a bar shi ya zaɓa. Mai ciwon mantuwa ba zai tuna abin da ya ce yana so jiya ba. A nuna masa faranti biyu da zafinsu, ya nuna wanda ransa ke so.