Samari, Ku Bar Ungulu Ta Yi Aikinta

'Yan'uwana matasa, musamman ku da ke kai-komo a kwata da kasuwannin dabbobi na Gusau, Talata Mafara da Shinkafi, yaushe rabonku da ganin ungulu? Muna yara, hantsi na yi za ka tarar sun jeru kan katangar kwata, suna jiran mahauta su watso musu dattin tumbi. Yanzu sai a yi wata ba a ga ko ɗaya ba. Kuma mun san abin da ya cinye su. Baƙo zai zo da kuɗi yana cigiyar kan ungulu ko ƙwanta don aikin boka, yaro ya barbaɗa maganin ƙwari a mushen akuya, da yamma ya dawo da buhu.

Ku ji tsoron Allah. Hausawa sun ce ungulu ba ta jewar banza, kuma jewar nan mu take wa aiki. Daga sama take hango mushe, ta sauka da 'yan'uwanta, kafin ƙuda ya gama taruwa sun bar ƙashi. Cikinta na da tsamin da ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta. To idan babu ita, mushen zai kwana ya wuni yana wari, masu cinsa kuma su ne karnuka da ɓeraye, sai dila da dare. Ungulu ta ci ta koma kan kuka. Kare kuwa ya ci, ya hayayyafa, ya shigo unguwa inda ƙannenku ke wasa.

Indiya ta ɗanɗana. Daga shekarun 1990, wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu, diclofenac, ya kashe musu fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu jinsunan ungulu masu cin mushen shanun. Karnukan titi suka ƙaru, cizon mahaukacin kare ya yi ta kai mutane kabari. Sai a 2006 aka hana amfani da maganin ga dabbobi, bayan aikin gama ya gama.

Ni abin da ya fi ci mini rai shi ne gubar. Ba ta tsayawa kan ungulu: shirwa, hankaka, har karen makiyayi duk sai sun bi. Nawa ma aka ba ka? Kuɗin da ba zai kai ka Juma'a ba. Ita kuwa ungulu ƙwai ɗaya tak take sakawa a shekara, tun 2015 kuma aka sa irin tamu ta kwata cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya.