Gem ɗin da ake iya buɗe cikinsa

Malaman kwamfuta, ku yi haƙuri da ni yau, don zan ɗan taɓa ku. A ganina babu darasin aji da ya koya wa sa'o'ina kwamfuta kamar wasu ƙananan gem biyu da kamfanin Microsoft ya haɗa kyauta a cikin MS-DOS 5.0, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a wancan lokacin, a 1991. Ɗaya na goggon biri ne, sunan fayil ɗinsa GORILLA.BAS, ɗayan na maciji, NIBBLES.BAS. Kuma irinsu ne idan aka kama yaro yana bugawa a ɗakin kwamfuta sai a kore shi waje, wani lokacin har da bulala.

Tamu kwamfutar 'yar gwanjo ce da wana ya sayo a ƙarshen shekarun 1990 don buga takardu. Ba ta zo da gem ɗin ba, a faifan fulofi wani abokinsa ya kwafo mana. Yaran yanzu ba za su gane wahalar ba. Ka kunna inji, sai baƙin allo da C:\> yana jiranka, babu hoton da za ka dangwala. Ka tura faifan ka ji ya yi ƙas, ka rubuta A: ka shiga cikinsa, ka rubuta DIR ka ga abin da ke ciki, sannan COPY ka kwashe zuwa cikin injin. Harafi ɗaya ka kuskure, ta watso maka "Bad command or file name", Turancin da ko wanda bai je makaranta ba a gidanmu sai da ya haddace shi. Daga nan ka rubuta QBASIC, manhajar da ke tayar da abin da aka rubuta da harshen kwamfuta na BASIC, allo ya koma shuɗi, ka buɗo fayil ɗin, ka haɗa Shift da F5.

To a nan maganata take. Kafin ka danna maɓallan nan biyu, abin da ke gabanka ba wasa ba ne, rubutun da aka gina wasan da shi ne, ɗaruruwan layuka, tsirara. Ko ba ka so sai idonka ya bi ta kansa.

Wasan biran ba shi da wuya. Birai biyu tsaye kan benayen wani birni suna jifan juna da ayaba mai fashewa. Ba hannu ke jifan ba, lissafi ne: ka rubuta kusurwa, ka rubuta ƙarfin jifa, ka duba kibiyar da ke ƙasan allo mai nuna inda iska ta nufa. Ayaba ta tashi tana juyawa, ko ta faɗa wa abokin gaba, ko ta ɓantare gefen bene, ko iska ta dawo maka da ita a ka. In ta ratsa ta jikin ranar da ke saman allo, sai ranar ta buɗe baki don mamaki. Tun kafin a fara kuma yana tambayarka ƙarfin jan ƙasa, ya nuna maka cewa na duniya 9.8 ne. Mun sa 1.6 irin na wata, ayaba ta yi sama ta ɓace sai can ta dawo. Shekaru bayan haka da malamin fiziks ya zana hanyar abin da aka jefa a allo, ya ce kusurwa 45 ta fi kai jifa nesa, ni dai na riga na sha kaye a hannun ƙanena kan wannan karatun.

Macijin kuwa lambobi yake ci, daga 1 zuwa 9, yana ƙara tsawo, in ya bugi bango ko jikinsa rai ɗaya ya tafi. Rai biyar ake ba ka. Wata rana wana ya yi ta gangarawa cikin rubutun har ya ga inda aka sa lives = 5, ya goge biyar ɗin ya rubuta 50, ya kunna. Sai ga rai hamsin a saman allo. Wallahi ihun da muka yi sai da Umma ta leƙo ta ga ko wuta ce ta ja wani. Daga ranar wasan ya canja: a sauya launin maciji, a rage masa gudu, a sa sunanmu a madadin nasa. Sau da yawa mukan ɓata shi ya ƙi tashi, QBasic ya haska layin da matsalar take, mu yi ta kai da kawo, in ya gagara mu sake kwafowa daga faifai. Kamar yaron gareji ne da aka kwance masa inji aka ce taɓa, in ka ɓata akwai wani.

Ba Microsoft ya ƙirƙiro wasan maciji ba. Asalinsa injinan gem na saka kuɗi ne a Amurka, wani mai suna Blockade da kamfanin Gremlin ya fitar a 1976. Nokia ta sa nata a waya a 1997, kuma da GSM ta shigo Najeriya a 2001 kusan duk mai 3310 ya buga shi. Wasan kusan ɗaya ne, amma na wayar a kulle yake. Miliyoyi sun buga, babu wanda ya ga cikinsa. A Ingila ma, yaran da suka tashi da ƙaramar kwamfutar gida ta ZX Spectrum, wadda ta fito a 1982, daga mujallu suke kwafar rubutun gem layi bayan layi su adana a kaset, kuma da yawa daga masu haɗa gem na ƙasar ta nan suka faro.

Yanzu ku dubi gem na kyauta da ke wayoyin 'ya'yanmu. Minti biyu talla, minti biyu a ce ka sayi zinaren cikin wasan ko ka jira gobe, data na zuba, wasu tallan ma kai tsaye na caca ne. An fi namu kyau nesa ba kusa ba, wannan ba gardama. Amma an gina shi ne don yaro ya daɗe yana dangwale, ba don ya san yadda aka yi shi ba.

Na san wani zai ce tsohon zance ne, kewar yarinta ce kawai ke damuna. Akwai gaskiya a ciki. Gida nawa ne a unguwarmu ke da kwamfuta a lokacin? Ko a gidan namu, yayyena mata sai dai su tsaya daga baya suna kallo, abin da har yau yake ci mini rai. Ga ɗauke wuta ana tsakiyar wasa, ga fulofi da bai wuce 1.44 MB ba kuma ƙura kaɗan ta kashe shi, ga bairos da ke yawo a cikinsa daga inji zuwa inji. Ban ce a koma can ba.

Abin da na kasa ganewa shi ne, an daɗe da sa BASIC a manhajar karatun sakandarenmu, harshen da John Kemeny da Thomas Kurtz suka ƙirƙira tun 1964 a kwalejin Dartmouth don ɗaliban da ba 'yan lissafi ba su iya sarrafa kwamfuta. Mu kuma da alli muke koyar da shi. Yaro ya haddace PRINT da INPUT da GOTO, ya ci jarrabawa, bai taɓa ganin layi ɗaya ya motsa wani abu ba. Alhali makarantu da yawa suna da tsofaffin kwamfutoci an lulluɓe da leda, ana jiran ranar da baƙi za su zo.

Fayilolin nan biyu ko girman hoto ɗaya na waya ba su kai ba, kuma ba sa neman intanet. Akwai manhajar DOSBox, kyauta ce, tana tayar da tsofaffin shirye-shiryen DOS a kan kwamfutar zamani. In ayabar ta yi gudu fiye da kima, a haɗa Ctrl da F11 a rage saurin. Malam, ka zaunar da su bibbiyu, mata da maza kowa ya samu kujera, su yi jifa na minti goma. Sannan ka tsayar da wasan ka ce aikin yau shi ne kowane rukuni ya nemo layin da ke ba rana launinta, ya mayar da ita kore kafin a kaɗa ƙararrawa.