Muna ta kuka a waya, shi kuwa yana can ana masa tambaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah 'yan uwa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Duk sanda aka ce wani shahararren mawaƙi ya rasu kwatsam, mutumin da jiya jiyan nan aka gan shi yana dariya lafiyarsa garau, to kafin a kai ga yi masa wanka ma wayoyi sun riga sun ɗau zafi, kowa ya canza hoton da ke kan shafinsa, sitatus ya cika da fuskarsa, wannan ta ɗora bidiyon kanta tana sharɓar kuka, wancan ya tono tsohon hoton da suka taɓa ɗauka tare don a san shi ma ya san shi, sai kuma ga wasu can gefe sun fito da wuƙaƙensu suna cewa ai ga irinta nan, ya mutu yana kiɗa, sai ya je ya yi bayani. Cikin awa biyu an rabu gida biyu ana zagin juna a kan gawar da ko likkafani ba a sa mata ba. Shi kuma bawan Allahn da ake wannan hayaniya a kansa babu abin da ya ƙaru da shi a ciki, ko ɗaya.

Mu ne dai muke ce mata mutuwar fuju'a, a wurin Allah babu wani kwatsam, rana ce rubutacciya da sa'arta. Ƙarshen Suratu Luƙman, aya ta 34, Allah ya ce babu ran da ya san abin da zai aikata gobe, kuma babu ran da ya san a wace ƙasa zai mutu. Ku tuna Papa Wemba na ƙasar Kwango, ranar 24 ga Afrilu 2016, yana da shekara 66, ya bar ƙasarsu ya je Abidjan yin wasa, yana kan dandamali yana waƙa ana haskawa a talabijin sai kawai ya sulale ya faɗi, kuma abin da ya fi tsaya min a rai a bidiyon nan shi ne masu rawar da ke gabansa ba su ma ankara ba, suka ci gaba da taka rawarsu na ɗan lokaci kiɗa na tashi, mutumin da suke wa rawar yana kwance a bayansu. Ko Michael Jackson, an riga an sayar da tikitin wasa 50 da zai yi a Landan, za a fara a watan Yulin 2009, yana ta atisaye dare da rana, ga likita nasa na kansa a cikin gida, sai ranar 25 ga Yuni ya mutu a Los Angeles yana da shekara 50, kuma maganin da likitan nan ya ba shi don ya samu barci shi ne ya zama sanadi, har kotu ta ɗaure likitan a 2011. A ranar, intanet sai da ta yi nishi saboda yawan masu neman labari. Wasa 50 ɗin nan ko ɗaya bai yi ba.

To in gemun ɗan uwanka ya kama wuta ai naka za ka shafa wa ruwa. Amma mu sai mu tsaya muna ɗaukar wutar a bidiyo.

Bari in fara da ku masu yanke hukunci, don wallahi ku na fi ji wa tsoro. Ɗan uwa kai da ka rubuta cewa wane ɗan wuta ne, wa ya ba ka makullin? A cikin Sahihu Muslim, hadisin Jundub, Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya ba da labarin wani mutum da ya ce wallahi Allah ba zai gafarta wa wane ba, sai Allah ya ce wane ne wannan da yake rantsuwa a kaina cewa ba zan gafarta wa wane ba, to na gafarta masa, kai kuma na rushe aikinka. Ka duba fa, mai ibada ne ya yi maganar, kishin addini ne a ganinsa, jimla ɗaya ta cinye masa komai. Kai ko aikin da za a rushe ɗin ma nawa ka tara? Sannan Nana A'isha ta ruwaito a Bukhari cewa kada ku zagi matattu domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Magana ta ƙare, ya isa inda za a yi masa hisabi da adalcin da ya fi naka da nawa, ba a buƙatar gudummawarka.

Kar wani ya ce ina halatta kiɗa ne, ba wannan na zo yi ba, maganar kiɗa da waƙa malamai sun yi ta tun da daɗewa, da yawa sun haramta kayan kiɗa, wasu sun yi rangwame da sharuɗɗa, kowa ya je ya tambayi malamin da ya amince da iliminsa. Abin da nake cewa shi ne ko da abin da ya yi saɓo ne ƙarara, mai saɓo musulmi yana ƙarƙashin ganin damar Ubangijinsa, Suratun Nisa'i aya ta 48 ta faɗa, Allah ba ya gafarta a yi shirka da shi amma yana gafarta abin da bai kai wannan ba ga wanda ya so. Kuma kai fuskar da kyamara ta nuna maka kaɗai ka sani. Ba ka san darensa ba, ba ka san yadda yake da mahaifiyarsa ba, ba ka san marayun da yake biya wa kuɗin makaranta a ɓoye ba, ba ka san da me ya cika ba. In da gaske nasiha ce ta dame ka, ai shekara da shekaru yana raye, lambarsa da shafinsa a buɗe suke, me ya hana ka rubuta masa cikin mutunci? Sai da kunnen da zai ji ya toshe sannan wa'azinka ya motsa, kuma wanda zai karanta shi yanzu 'yarsa ce ko matarsa da ke cikin takaba.

Akwai Junaid Jamshed na Pakistan, ya yi tashe sosai a waƙar zamani a ƙasarsu, da a ce wani ya gan shi a wancan lokacin da jita a hannu ya yanke masa hukunci da ya gama da shi. Daga baya mutumin nan ya bar wannan harka ya koma da'awa da waƙoƙin yabon Annabi, kuma ranar 7 ga Disamba 2016 yana dawowa daga fita da'awa a garin Chitral jirgin saman da yake ciki ya faɗi, mutum 47 da ke ciki babu wanda ya tsira. Ban ce ɗan aljanna ne ba, wannan ma ba nawa ba ne, muna dai yi masa kyakkyawan zato, abin lura shi ne babu wanda ya hango masa wannan ƙarshen tun farko, har shi kansa.

Ku ma masoya ku matso kusa. Kuka ba laifi ba ne, Annabi sallallahu alaihi wa sallam da kansa ya zubar da hawaye lokacin da ɗansa Ibrahim yake cikawa, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Wannan na ƙarshen shi ne muke zubarwa. Sai ka ga an rubuta mutuwa kin yi mana yankan ƙauna, me ya sa sai shi, bai kamata ya tafi yanzu ba, ya tafi lokacinsa bai yi ba. Subhanallah, lokacin wa? Wa ke riƙe da agogon? Hadisin Ibn Mas'ud a Bukhari ya ce ba ya cikinmu wanda ya mari kumatu ya yaga tufafi ya yi kira irin na jahiliyya, kuma yatsa ma yana iya yin wannan kiran a kan waya ba sai da baki ba. A ranar da Ibrahim ɗin nan ya rasu rana ta yi husufi a Madina, mutane suka ce ai don mutuwarsa ne, nan take Annabi ya gyara musu ya ce rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Ɗan Manzon Allah kenan fa. To ina ga wanda kuke cewa duniya ta yi duhu don ya tafi.

Haka masu raba aljanna kyauta, wane ai sai dai mu tarar da shi a Firdausi, shi kam ya huta. Lokacin da sahabi Usman bin Maz'un ya rasu, Ummul Ala ta ce na shaida Allah ya girmama ka, sai Annabi ya tambaye ta me ya sanar da ke Allah ya girmama shi, ya ce shi dai yana yi masa fatan alheri. Ta ce daga ranar ba ta ƙara tsarkake kowa ba. Fata ake yi, addu'a ake yi, don in ka riga ka sa shi a aljanna da bakinka to yaushe za ka tashi cikin dare ka roƙa masa gafara, ai a ganinka ba ya buƙata.

Wurin jana'izar irin waɗannan mutane kuwa abin sai dai a yi shiru. Liman na cewa a daidaita sahu, rabin jama'a sun juya wa alƙibla gefe hannuwa a sama da wayoyi, wani ya hau katanga, wani ya taka kabarin bayin Allah don ya samu kusurwa mai kyau, ana turereniya ba don a ɗauki makara ba sai don a ɗau hoto da wani tauraron da ya zo ta'aziyya idonsa jajur, ana ce masa ɗan kalli nan. Sallar gawa kabbara huɗu ce, babu ruku'u babu sujada, ko minti biyar ba ta kaiwa, kuma wanda ya sallace ta yana da lada ƙiraɗi ɗaya, wanda ya tsaya har aka binne yana da biyu, kowane kamar dutsen Uhudu. Mutum ya taso daga nesa, ya sha rana, ya zo har bakin wannan lada ya musanya ta da bidiyon sakan talatin mai rawa wanda gobe zai goge don waya ta cika. Sayyidina Usman ya ruwaito, yana cikin Abu Dawud, cewa idan an gama binne mamaci Annabi yakan tsaya a kansa ya ce ku nema wa ɗan uwanku gafara ku roƙa masa tabbata domin yanzu ake tambayarsa. Yanzu, a daidai lokacin da kake neman netwok don ka riga kowa ɗorawa.

Yawan taro alheri ne in masu salla ne da addu'a, amma taron kansa ba ya shiga rami. Da mawaƙiya Ummu Kulsum ta Masar ta rasu a Fabrairun 1975 miliyoyin mutane ne suka cika titunan Alƙahira, har jama'a suka karɓe makarar suka yi ta yawo da ita a kafaɗa, duk da haka da yamma ta yi kowa gidansa ya koma. Hadisin Anas ne a Bukhari da Muslim, abu uku ke raka mamaci, iyalansa da dukiyarsa da aikinsa, biyu su dawo ɗaya ya zauna. Mabiya miliyan goma a TikTok suna cikin masu dawowa, su ma ba sa jira a gama turbuɗa ƙasa.

Sai maganar waƙoƙinsa, don an saba da zarar mawaƙi ya mutu sai sauraren sa ya ninka, kowa na ɗora hotonsa da waƙarsa a ƙasa an rubuta Allah ya jiƙan ka. 'Yar uwa ki tsaya ki saurari baitin da kika ɗora ɗin nan tukuna. In akwai abin da kika san da zai dawo yau zai so a goge shi, batsa ce ko zagin wani ko rawar da ba ta dace ba, to yaɗa shi ba soyayya ba ce, kina ƙara masa kaya ne a lokacin da ba shi da bakin da zai ce ki bari. Ki suturta shi. Haka masu binciken dole, wai asiri aka yi masa, wai guba aka sa masa, wai ƙwaya ce, har da kiran sunan abokinsa ko matarsa, ba ka ga takardar likita ba, ba ka je asibitin ba, wani ne ya ce wani ya ce. Ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji, wannan ma hadisi ne a Muslim. In akwai zargi na gaske akwai hukuma da iyalansa, su ke da haƙƙin bin jininsa. Kuma don Allah a daina rige-rigen sanar da mutuwa, uwa ta buɗe waya ta ga hoton ɗanta a kan gadon asibiti an rufe shi da zane kafin wani nata ya zo ya zaunar da ita ya faɗa mata, wannan wane irin rashin tausayi ne.

Wanda yake son sa da gaske ga aiki nan. A tambaya ko akwai bashi a kansa, don masu suna sun fi kowa iya ɓoye bashi, ana ganin mota da sutura ana zaton komai lafiya. An taɓa kawo wa Annabi gawa ya tambaya ko ana bin sa bashi aka ce dinari uku, ya ce ku sallaci mutuminku, sai da Abu Ƙatada ya ce na ɗauke masa sannan ya sallace shi. Dinari uku kacal. Yaran kiɗansa da bai gama sallama ba, wanda ya biya kuɗin wasa bai samu an yi ba, duk haƙƙi ne, masu bin sa kuma in za su iya yafewa su yafe su faɗa wa iyalansa a sirrance. A yi masa sadaka mai gudana, rijiya ko wani abu da jama'a za su daɗe suna amfana, ba sai an manna hotonsa a jiki ba. Zaman makoki kwana uku ne in ban da matarsa da za ta yi wata huɗu da kwana goma, kuma bayan kwana ukun nan ne gidan zai yi tsit, masu kyamara sun koma kan wani labarin, 'ya'yansa ga kuɗin makaranta ga haya, a lokacin ne ake son wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa ba tare da ya ɗauko waya ba.

Allah ya jiƙan musulmin da suka riga mu, ya ba iyalansu haƙuri, mu kuma ya sa mu cika da imani.