Ba a sayen saman Google a hannun mai gina shafi

'Yan kasuwa da yawa a Kantin Kwari sun ɗauka duk wanda ya iya gina shafin intanet zai iya kai shi saman binciken Google cikin mako guda. Ba haka ba ne. Google da kansa ya ce babu mai iya ba da tabbacin matsayi na ɗaya. Abin da kuɗi ke saya talla ne, ranar da kuɗin ya ƙare kuwa, tallan ya sauka.

Hawa na gaskiya yakan ɗauki watanni. Sai shafin yana buɗewa da sauri a waya, da hotunan atamfa da shadda da farashinsu a fili.

Alhaji, kafin ka biya, ciro wayarka a gaban mai gina shafin, ka bincika “masu gina shafi a Kano” a Google, ka ga ko nasa shafin zai fito.