Gidan gado da dillali a zaure

Tun ba a share makoki ba sai ka ga dillali ya fara zarya. Ya yi ta'aziyya, ya shafa fatiha, idonsa kuwa yana kan faɗin gidan, yana lissafin shaguna nawa za su fito in aka rushe zaure. A Kano, musamman gidajen da ke daura da Kantin Kwari ko kasuwar Kurmi, abin ya zama ruwan dare.

Ni ban ce kada a sayar da gidan gado ba. Gida mai ɗaki shida, magada goma sha biyar daga ɗakuna uku, ina za a yanka a ba kowa? Sau da yawa sayarwar ce maslaha. Inda nake da ja shi ne kan wanda aka damƙa wa ragama, ko wasiyyin da marigayi ya naɗa ne, ko babban wa, ko baffa. Wasu da an ce su riƙe, sai su ɗauka an ba su ne.

Shari'a ta jera abin daki-daki: hidimar jana'iza, sai bashi, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusi, sannan rabo kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i. Amma sai ka ji an karɓi kuɗin gida an raba, bayan wata biyu mai bin Alhaji bashin taki ya zo da shaidunsa, kowa ya ce nasa ya ƙare.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce matar marigayi. Tana takaba, wata huɗu da kwana goma, kuma a mazhabar Malikiyya tana da haƙƙin zama a gidan mijinta har ta fita. Sai ga ɗan kishiyarta ya shigo da baƙi har tsakar gida suna auna bango da igiya, ita tana bayan labule, yana cewa, "Umma, haƙuri za ki yi, mai saye yana sauri." Saurin me? Tumuninta ma, wato kashi ɗaya cikin takwas na gadon, in matan uku ne, uku za su raba shi, da ƙyar ya kama mata hayar shekara biyu.

Ga kuma shuf'a da muka manta. In wani magaji ya sayar da kasonsa na gidan da ba a raba ba, sauran suna da ikon karɓa a kan wannan farashin. To me zai hana tun farko a yi wa 'yan'uwa tayi kafin a kai wa bare? Sau da yawa amsar ita ce la'ada, da farashi biyu: wanda aka faɗa wa mata da marayu, da wanda aka yi a bayan fage.

Wanda aka ɗora wa wannan nauyi ya kira masu ƙima aƙalla biyu waɗanda ba su san juna ba, ya tara magada har da matan aure da ke wasu garuruwa, a yi a gaban alƙali, a rubuta kason yara ƙanana da sunan wanda zai riƙe musu. Kai kuma mai saye, Dokar Filaye ta 1978 ta ce gida mai takardar shaidar mallaka ba ya canza hannu sai da amincewar gwamna, kuma sa hannun babban wa kaɗai ba zai hana ƙanwarsa ta maka ka a kotu ba.